Kukan Gauraka a Bakin Tafki

Zuwa ga amaryata, Kaka,

Gaisuwa mai yawa daga mijinki da ya yi nisa. Ina fatan kina lafiya, da ke da gwiwar nan taki da ke riga kowa sanin hadari ya haɗo. Yaya ƙarfin jiki? Yaya mutan gida? Ina gaida Kawu Tela, don na san shi zai karanta miki takardar nan. Kawu, ka karanta yadda na rubuta, kar ka tsallake inda nake yi wa mahaifiyarka zancen so. Karatu aka sa ka, ba tacewa ba.

Bayan haka, albishirinki: na samu aiki, kuma yau wata guda cur ba a kore ni ba. Na san za ki ce a maimaita miki wannan layin. A gareji mako biyu na yi kafin maigidana ya tarar da ƙadangare a akwatin kayan aikinsa, a gidan burodi ko mako ban cika ba. A nan kuwa ni nake riga kowa zuwa.

Wata ƙungiya ce ta masu taimako, ba ta gwamnati ba. Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, ga bas guda ɗaya da sai an lallaɓa ta take tashi. Kowace rana da makarantarta. Mu ɗebo yaran firamare aji guda, mu kai su wani tafki da ke bayan gari, inda ƙungiyar ta killace fili. A can ake koya musu dashen itace, da tsince leda, da sanin sunan kowace bishiya da amfaninta. Kaka, akwai yaron da ya ga kwaɗo ya tambaye ni ko yana cizo. Na ce masa sai ranar Talata. Ran nan kuwa Talata ce.

Mai ƙungiyar tsohuwar malamar makaranta ce, kowa Shugaba yake ce mata. Ba ta kai ki kyau ba, kar ki tada hankalinki. Dako na je yi musu, ina sauke 'yan itatuwan dashe daga mota, sai ta ji ina gaya wa Direba sunayen tsuntsayen da ke kuka a kan ruwa, ban ko ɗaga kai ba. Ta tambayi takardar makarantata. Na ce allo na yi, shaidata kuwa tana gadon bayana, Malam ya rubuta ta da bulala. Ta yi dariya har malafarta ta faɗi, ta ce in dawo gobe. Aikina in ɗauki jarkar ruwa, in shige gaba da sanda saboda maciji, in ƙirga kawuna in za a shiga mota, in kuma faɗi sunan tsuntsu in ya gagari kowa.

Abin da ya fi wuya shi ne zaman shiru. Minti goma sha biyar kowa na zaune a tabarma a bakin ruwa, ba magana, ba motsi. Wanda ya ga tsuntsu ko ya ji kukansa sai ya ɗaga yatsa. In lokaci ya cika, yaro da hannunsa zai rubuta a wani babban koren littafi: sunan tsuntsun, da lokacin, da sunansa shi kansa. Ni ba ruwana da littafin, da boko ake rubuta shi. Ki dubi ikon Allah, ni da kika ce ko a barci bakina ba ya hutawa, ni aka sa tsaron shiru.

A ajin da ke zuwa ranar Laraba akwai wata yarinya 'yar shekara tara, mai tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. 'Yar Tabarau nake ce mata. Kafin ta gano inda tsuntsu yake, 'yan ajin sun riga sun ɗaga yatsa. Sau huɗu tana zuwa, ba ta taɓa riƙe alƙalamin littafin ba. Na gwada mata duk wasannina, ko haƙorinta ban gani ba. Bayan ke, ita ce macen da ta gagare ni.

Ki riƙa shan maganinki, ban da ɓoye shi a ƙarƙashin matashi. Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki na kanki,
Barkono

*

Zuwa ga Kakata, hasken idona,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta Kawu da iyalinsa, saƙonki ya iso. Na ji kin ce ba ki yarda zan yi wata biyu ban yi wata tsiya ba. To, bakinki ya bi ni.

Kin tuna kukan gauraka da kike yi min ina ƙarami, in na ƙi cin abinci? Ki haɗa tafukan hannu a baki, ki jawo shi daga maƙogwaro, ki ce haka suke yi a fadama zamanin kina budurwa, kafin su ɓace. Ni ban taɓa jin gauraka ba sai a bakinki.

Larabar da ta wuce, ana tsakiyar zaman shiru, na zagaya bayan dogayen ciyayin bakin ruwa in ɗauko jarkar da na bari a inuwa. Na leƙo na ga yara ashirin da biyu sun yi tsit kamar an dasa su, Direba na gyangyaɗi a jikin taya. Kin san ciwona. Na haɗa hannu na yi kukan nan sau biyu. Niyyata in ga Direba ya zabura, in fito ina dariya, a yi min faɗa, a wuce wurin.

Direba ko motsi bai yi ba. Yaran suka yi ta waige-waige, ba wanda ya san ta ina abin ya fito. Yatsa ɗaya ne ya tashi, na 'Yar Tabarau, kuma tana nuna daidai inda nake laɓe.

Na sulale ta bayan mota na dawo da jarkata kamar ban san komai ba, ina jiran lokacin dariya. Shugaba ta durƙusa a gaban yarinyar, ta fito da wayarta mai ɗauke da kukan tsuntsaye, ta riƙa kunna mata ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ta rufe ido tana girgiza kai. Sai a na goma sha wani abu ta buɗe ido ta ce shi ne. Shugaba ta cakuɗa su ta sake farawa, yarinya ta sake zaɓar shi. Kaka, sai Shugaba ta miƙe tsaye. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana zuwa tafkin nan, ba ta taɓa jin gauraka ba. Ta juyo ta tambaye ni ko na ji. Na ce na ji.

Ai ban yi ƙarya ba, na ji ɗin. Haka na yi ta gaya wa kaina a mota har muka iso.

Aka miƙa wa yarinya alƙalami. Sai da ta goge hannunta a jikin riga sau biyu kafin ta karɓa, ta yi rubutun a hankali, harshe a waje. Da ta gama ta dube ni ta yi murmushi, ashe giɓi gare ta a gaban baki. Ki gaya min, ta ina zan fito in ce wasa nake? Na ce a raina, littafi ne dai, za a rufe shi a sa a kabad, ɓeraye su karanta. Wa aka cuta?

Ina roƙonki kar maganar ta fita. Kawu, kai ma ka taimaka, na san kai da abokan hirarka na bakin shago.

Naki mai sonki,
Barkono

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya, ina gaida Kawu. Yau ba zan ce miki amarya ba, fuskar wasan ta gudu ta bar ni.

Littafin nan ashe ba a kabad yake ƙarewa ba. Duk ƙarshen wata Shugaba tana kwafe abin da yara suka rubuta a kwamfuta, ta aika wa wata babbar cibiya da ke tattara bayanan tsuntsaye. An rubuta haka a bangon littafin da manyan baƙaƙe, ni da nake yawo da shi kullum a hammata ban sani ba. Da da ajami aka rubuta, da tun ranar farko na karanta. Wannan karon kuwa ba ta jira ƙarshen wata ba, a ranar ta aika.

Akwai kuma abin da na ƙara da hannuna. Larabar da ta biyo baya, yarinyar ta zauna tana fuskantar ciyayin nan, lokaci na ta tafiya ba a ji komai ba. Wasu maza biyu suka fara yi mata raɗa, wai kunnenta ma tabarau yake buƙata. Na ga ta sunkuyar da kai. Na tashi na zagaya, na sake yi, sau ɗaya tak. A ranar duk ajin suka ji, har malaminsu. Ita aka sake miƙa wa alƙalami, layi biyu ke nan a littafi, duka da sunanta.

Yanzu an tsayar da ita a gaban taron makaranta an tafa mata. Babanta mai gyaran agogo ya hawo ofis da kansa ya yi godiya. Ya ce tunda aka haife ta bai taɓa jin ta yi dogon zance ba sai yanzu, gauraka da safe, gauraka da rana, har uwarta ta fara roƙon a canza tsuntsu. Cibiyar kuma za ta turo wani masani nan da kwana goma, da na'urar ɗaukar sauti, ya yi kwana uku a bakin tafki. Shugaba ta ce ni zan riƙe masa kaya, tunda na fi kowa sanin wajen da kukan ke fitowa.

In na yi shiru, mutumin zai zo, ya gaji, ya tafi, a ce tsuntsu ya canza wuri. Ba mai sani sai ni da ke da Kawu. In na yi magana, aiki ya tafi. Kaka, ban taɓa son wani aiki ba sai wannan. Jiya wani yaro ya jawo ni da hannu ya nuna min itacen da ya dasa ya fid da sabon ganye biyu, yana ce min Malam. Ni, Malam. Na waiga in ga ko da wani yake.

Ki gaya min abin da zan yi, kar ki tausaya min.

Jikanki,
Barkono

*

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa, yaya sanyin nan? Amsarki ta iso, kuma na ga Kawu bai tace komai ba. Kin ce kin reni mai tsokana, ba ki reni maƙaryaci ba, kuma bambancinsu ɗaya ne: mai tsokana yana fitowa daga maɓoya, ni kuwa mako uku ke nan ina laɓe a bayan ciyawa. Na karanta sau uku ina neman inda kika sassauta, ban samu ba.

Ranar Litinin da sassafe na hau ofis kafin Direba ya zo. Shugaba na shan shayi a gaban kwamfuta. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa haɗa magana, sai kawai na haɗa hannu na yi mata kukan. Mai shagon fenti ya hawo da gudu da burushi a hannu yana tambayar me ya shigo. Ta sallame shi, ta ajiye kofi. Da ma ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Ta ce in zauna in ji. A gabana ta kira masanin ta ce kar ya zo, a gabana ta rubuta wa cibiya ta janye layin nan biyu, tana karanta min kowace kalma. Ta ce abin da ke ba ta tsoro, kar mutanen can su fara shakkar duk abin da yara suka rubuta shekara da shekaru, yaran da suka ci rana suka yi shiru don su faɗi gaskiya. Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, Laraba na zuwa.

Ranar Laraba bayan an shimfiɗa tabarmi na tsaya a gabansu na faɗi komai, na kuma yi kukan su gani da idonsu. Suka bushe da dariya, har da masu cewa in ƙara. Irin dariyar da na nema tun farko ce, amma ba ta yi min daɗi ba. Mazan nan biyu suka juya kan 'Yar Tabarau, wai ga wadda aka tafa wa saboda Barkono. Na ce musu duk cikinsu ita kaɗai ta gane ta inda kukan ya fito, ita kaɗai ta tsamo shi daga cikin kuka ashirin, kunnenta bai yi kuskure ba, ni na yi ƙarya. Ba ta dube ni ba. Ta tashi ta ɗauki littafin da rula, ta ja layi a kan rubutunta, miƙaƙƙe, ɗaya sannan ɗaya. Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da alƙalamin ta koma mota ta zauna har muka tashi.

Larabar jiya kuwa ba ta zo ba. Na ƙirga kawuna sau biyu, ashirin da ɗaya.

Shugaba ta ce an kafa ƙungiyar nan don a fito da yara waje ne, wanda ya mayar da yaro gida ba shi da wurin zama a cikinta. Ta karɓi sandata. Ta ce in yarinyar ta dawo in dawo, in ba ta dawo ba in nemi wani aikin. Ban ga laifinta ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki sa ta ita ma, ta fi ni buƙata.

Jikanki,
Barkono

*

Zuwa ga amaryata, Kaka,

Kin ga sunanki ya dawo, don haka ki saki ranki. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kawu da yara, ina fatan kowa lafiya.

Bayan an karɓi sandata, na nemi izinin Shugaba na tafi shagon baban yarinyar. Wani ɗan lungu ne tsakanin kanti da wurin aski, ko'ina agogo, kowanne da lokacinsa. Ita tana zaune a ciki bayan an tashi daga makaranta, tana jera masa ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. Na gaishe ta, ta gyara tabarau ta ci gaba da aikinta. Kwana uku ina zuwa ina tsugunne a bakin ƙofa, har wanzami ya fara tambaya ko aure na zo nema a layin.

A rana ta huɗu uban ya ja ni gefe. Ya ce da farko ya so ya ɗaure ni da igiyar agogon bango, amma ya ga na iya tsuguno. Ya ce ba tsokanar 'yan aji ce ta hana ta zuwa ba, wannan ta saba. Cewa ta yi yanzu ko kurciya ta ji a kan rufi sai ta ɗauka mutum ne, to me za ta je ta saurara?

Wannan maganar ta fi sandar da aka karɓa yi min ciwo. Washegari na roƙi Shugaba ta zo da wayarta, ta kuwa zo. Muka laɓe ni da ita a bayan ƙyauren shagon. Wani lokaci ta kunna kukan tsuntsu na gaske, wani lokaci ni in yi da bakina, yarinya na ciki ba ta ganinmu. Uban ya ce mata ba dole, in ta ga dama ta faɗi wanne ne tsuntsu, wanne ne ɗan iskan nan. Na farko shiru. Na biyu shiru. A na uku na yi kurciyar da nake alfahari da ita tun ina yaro, sai muka ji 'yar murya daga ciki ta ce Barkono ne. Daga nan ba ta tsaya ba. Cikin goma sha biyun da suka biyo baya, sha ɗaya ta ci. Wanzami ya bar mutum da rabin aski ya zo kallo.

Da muka fito ta zauna ta wanke ni tas. Wai kurciyata gaggawa gare ta kamar ana bin ta. Wai kafin in yi kowane kuka sai an ji na ja numfashi, tsuntsu kuwa ba a jin nasa. Wai hankakana mura yake yi. Kaka, shekara ashirin da biyu ina ruɗar mutane, 'yar shekara tara ta tone ni a gaban wanzami.

Na ba ta haƙuri a durƙushe. Shugaba ta tambaye ta ko za ta zo Laraba. Ta yi tunani, ta ce za ta zo da sharaɗi: duk lokacin zaman shiru in guntsi ruwa in riƙe a baki, kuma a gabanta zan zauna. Shugaba ta ce ba ta taɓa jin hukuncin da ya kai wannan adalci ba, ta ce ma a duk ajujuwan haka za a riƙa yi.

Shekaranjiya Laraba na ƙirga kawuna, ashirin da biyu. Aka shimfiɗa tabarmi. Ita da kanta ta zuba ruwan a kofi, ta tsaya sai da ta ga kumatuna sun cika. Minti goma sha biyar, Kaka. Direba, wanda kullum barci yake yi, ran nan ido biyu, ya zauna daga gefe yana murguɗa min baki don in fesar. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi zamansa. Na daure.

Can wajen ƙarshe wani siririn fito ya taso daga tsakiyar tafki, nesa sosai, ni kaina da ƙyar na ji. Na ga ta karkata kai. Ta juyo ta dubi kumatuna, ta dubi hannayena a kan gwiwa, ta sake rufe ido. Aka sake yi. Sai yatsanta ya tashi, shi kaɗai a tabarmar. Kirinjijiya ce, irin agwagwar ruwan nan da ake ji kusan kowane mako, ba wanda zai tafa mata a kai. Ta rubuta a sabon layi, ta rufe littafin, sannan ta ce min in haɗiye.

Shugaba ta miƙo min sandata muna shiga mota.

Ina nan tafe ƙarshen wata in gan ki. Ki tanadi faɗanki, na san akwai saura, zan zauna in ji shi duka. Allah ya bar min ke.

Mijinki da ya shiryu kaɗan,
Barkono